Wane Hannu Sarki Ya Ba Ta?

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, ni ma a tsaye aka bar ni a ranar. Masu cewa kuma kwaɗayi ne ya sa ni, Malene, na miƙa 'yar ɗan'uwana ga sarki mai mata, ku zo ku yi damina ɗaya a ƙarƙashin rufin gidanmu na Tornholm yadda yake kafin a gyara shi, sai mu yi magana. Marainiya na riƙe tun tana rarrafe. Abin da na ga zai rufa mata asiri shi na yi.

Kun dai san inda muka tsaya. Bayan Regitze ta shekara huɗu tana farkar Mai Martaba, makon jiya aka ɗaura musu auren hannun hagu a 'yar cocin da ke bayan gidanmu. Irin auren da sarakunanmu ke yi in suna da mata a fada: ya miƙa hagu, ta kama. A gaban Allah matarsa ce, a gaban ƙasa ba sarauniya ba ce, abin da ta haifa kuma ba shi da gadon sarauta. Dama ta Sarauniya ce ita kaɗai. Duk wadda ta karɓi dama alhali Sarauniya na numfashi, doka ta ce aure kan aure ne, hukuncinsa takobi a wuya. Wuyan sarki ba ya saruwa, don haka na matar ake sara.

To, ranar da hantsi muna karin kumallo. Ina shafa man shanu a baƙin burodi, Regitze na zaune ta tasa taga a gaba, ga Fasto Jesper wanda ya ɗaura auren. Tun daga ranar ɗaurin auren bawan Allahn nan ya mayar da teburinmu gidansa, kullum da hujjar ya zo duba lafiyar amarya, amma kifin gishirinmu yake dubawa.

Sai muka ji keken doki ya shigo da gudu.

Na leƙa. Tambarin fada ne a jikin ƙofar keken. Na ce a raina ango ne ya kasa haƙuri. Ƙofa ta buɗe, sai ga wata gajeriyar ƙafa mai kauri ta sauko cikin taɓo.

Na ja da baya daga taga.

Sarauniya Hedevig ce. Ita kaɗai, ba dogari, ba 'yan rakiya.

Fasto ya miƙe da kifi a baki, ya rasa haɗiyewa zai yi ko tofarwa. Ni kuwa na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Regitze ta rusuna, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Sarauniya ta wuce mu duka, ta faɗa kan kujerata, ta tuɓe takalma.

“A ba ni giya mai ɗumi,” ta ce. “Kuma a rufe ƙofar nan.”

“Ranki ya daɗe,” na ce, “in saboda auren nan ne, na rantse yarinyar nan ba ta taɓa…”

“Malene, tashi. Ba ki da gwiwar durƙuso, ni ba ni da lokacin saurare.” Ta juya wajen Fasto. “Kai ne ka ɗaura?”

Ya haɗiye kifin da ƙyar.

“Ni ne, ranki ya daɗe. Amma umarni aka ba ni.”

“Wane hannu ya ba ta?”

“Hagu mana, ranki ya daɗe.”

“Ta yaya ka san hagu ne?”

“Ai… mai zaren na kama.”

A nan sai na ɗan tuna muku abin da kowa a fada ya sani amma ba mai faɗa. Mai Martaba bai san hagunsa daga damansa ba. Shekarar da ya ce wa dakaru su juya hagu yana nuna dama, rabi suka bi bakinsa, rabi suka bi hannunsa, masu bin hannu suka zuba a ruwan da ya kewaye fada da kakinsu da gangunansu. Tun daga nan ake ɗaura masa jan zare a wuyan hannun hagu. Jakadu in sun tambaya, sai a ce maganin sanyin ƙashi ne.

Sarauniya ta kurɓi giyarta, ta ajiye kofin.

“Jiya ana cin abinci,” ta ce, “ga Bishop Severin, ga jakadan Suwidin, ga rabin fada. Mutumin naku ya ji giya ta ratsa shi, sai ya fara ba da labarin aurensa. A gabana, ku ji. Ya ɗaga hannu mai zare ya ce, da wannan hannun na riƙe Gitte tawa.”

Gitte shi ne sunan da yake kiran Regitze da shi. “To ai shi ke nan,” na ce.

“Wuƙa ce a hannun, Malene.”

Ban gane ba.

“Da wane hannu mutum yake yanka nama?”

Na dubi hannuna. Wuƙar man shanu tana nan a damana. Na sake ta ta faɗi ƙasa.

“Zaren yana dama,” in ji Sarauniya. “Na tsare mai sa masa tufafi, ya ce tun ranar da ya dawo daga nan a dama yake. Mako guda cur. Ya gani, ya ji tsoron faɗa.”

“Ke fa, ranki ya daɗe, ba ki lura ba?”

“Ni rabona da in kalli hannun mutumin nan tun kafin ki yi furfura.”

Fasto ya zauna ba tare da an ba shi izini ba. Fuskarsa ta koma launin madara.

Ni nan take na gane yadda aka yi, ko in ce na ɗauka na gane. Ranar auren Mai Martaba ya ci gasasshiyar dinya kafin a shiga coci, maiƙo har gwiwar hannu. Ya wanke hannu, ya kwance zaren, ya mayar da kansa. Mutumin da bai san hagu ba shi ya ɗaura wa kansa alamar hagu. Na faɗa musu haka, Sarauniya ta gyaɗa kai ta ce halinsa ne.

Regitze ba ta ce uffan ba. Na ɗauka tsoro ne ya ɗaure mata baki, har tausayinta ya kama ni.

“Bishop ya gani?” na tambaya.

“Bishop ya ajiye cokali. Mutumin da bai taɓa ajiye cokali ba sai ya ga ƙasan kwano. Kun san tun farko ba ya son auren nan. Yanzu haka yana hanya, shi da Mai Martaba a keke ɗaya, zai tambayi shaidu ɗaya bayan ɗaya. Na riga su ne saboda direbana ya fi nasu tsoron mutuwa a hannuna.”

Na kasa haƙuri.

“Ranki ya daɗe, ki gafarce ni. Ke me ya sa kika zo ki faɗa mana? Ai na zaci murna za ki yi.”

Ta dube ni kamar na zage ta.

“Murna? Malene, kin taɓa jin mutumin nan yana busa sarewa?”

“Na ji, ranki ya daɗe.”

“Sau nawa?”

“Duk zuwan da ya yi.”

“To ni shekara ashirin da shida. Bayan kowane cin abinci. Waƙa ɗaya ya iya, ita ma rabinta. Sannan minshari. Sannan labarin barewar da ya harba yana saurayi, wadda kullum ƙahonta ke ƙara tsawo.” Ta nuna Regitze da kofi. “Tun da ya sami yarinyar nan na san daɗin barci. Na yi ƙiba. Na fara kiwon zuma. In aka sare mata kai, wajen wa kike jin zai dawo da sarewar?”

Gaskiya ce tsagwaronta.

“Don haka ga yadda za a yi,” ta ce. “Da safen nan na ce zan gyara masa hannun riga, na mayar da zaren hagu. Har mamaki ya yi, ya ce Hedevig, ashe har yanzu kina sona. In an tambaye shi, mai zare zai ɗaga. Ke Malene za ki ce hagu. Yarinya za ta ce hagu. Fasto zai ce hagu. Bishop ya koma gida da kunyarsa.”

Fasto ya ɗaga yatsa.

“Ranki ya daɗe, ni bawan Ubangiji ne. Ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba.”

“Madalla. 'Ya'yanka nawa, Fasto?”

“Goma sha ɗaya, ranki ya daɗe.”

“Ka karanta dokar har ƙarshe? Me ta ce a kan faston da ya ɗaura aure kan aure?”

Ya shafa wuyansa a hankali.

“Wato… in na tuna da kyau, cocin nan akwai duhu.”

“Akwai duhu ƙwarai.”

“Idona kuma ya daɗe yana ba ni wahala.”

“Allah ya sawwaƙe.”

“Kuma jikina ya ba ni hagu ne.”

“Ka ga abin da ake kira malami,” in ji Sarauniya. “A ƙara masa kifi.”

Ta juya wajen Regitze. A karo na farko muryarta ta yi laushi.

“Ke kuma yarinya, daina wannan shirun. Ba wanda zai taɓa ki muddin ina raye. Kalma ɗaya ce. Faɗi in ji.”

Regitze ta ɗago kai.

“Na ji abin da kika ce, ranki ya daɗe.”

Ni uwar wayo, da na yi riƙonta shekara ashirin, ban lura ba ta faɗi kalmar ba. Ina can ina ɗaukar wuƙa daga ƙasa ina godiya ga Allah.

Ba a jima ba keke na biyu ya shigo.

Mai Martaba ne ya fara shigowa, ƙato, fuska ja wur, hular gashinsa ta karkace gefe guda, ga akwatin sarewa a hamata. Bayansa Bishop Severin, dogo siriri, baƙar riga har ƙasa, fuska kamar wanda ya tauna lemon tsami tun yana yaro bai tofar ba.

Sarki ya ja ya tsaya da ya ga matansa biyu a teburi ɗaya.

“Hedevig? Me kike yi a nan?”

“Na zo gaida amarya.”

“Ba takalmi?”

“Gidan mijina ne.”

Ya yi dariya har teburi ya girgiza. Ya dubi Bishop.

“Ka gani ko? Ka ce za a yi rigima. Ga su nan kamar ya da ƙanwa. A Ingila ma ba a samun irin wannan.”

Bishop bai yi dariya ba. Ya ciro littafi mai tsarki daga cikin riga ya ajiye a kan teburi, kusa da kifin.

“Allah ya ja zamanin Mai Martaba, tambaya ɗaya ce. Fasto Jesper, ɗora hannunka.”

Fasto ya ɗora. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

“Wane hannu ka haɗa?”

“Uban coci, cocinmu akwai duhu…”

“Ban tambaye ka fitila ba.”

“Idona kuma…”

“Ban tambaye ka likita ba.”

Sarauniya ta yi ɗan tari.

“Hagu,” in ji Fasto. “Iyakar sanina, da iyakar ganina, da iyakar 'ya'yana, hagu.”

Bishop ya juyo kaina.

“Uwargida Malene.”

Ni kam ban ɓata lokaci ba. Maza biyu na binne, kowanne na rantse a bakin kabarinsa cewa mutumin kirki ne, don haka wannan ba ta yi mini nauyi ba.

“Hagu. Ina tsaye dab da su. In ka ga dama in zana maka.”

Bishop ya ciji leɓe. Ya juya wajen Sarki, ya ɗan rusuna.

“Mai Martaba zai taimaka ya nuna mana hannun?”

Sarki ya dubi hannayensa biyu, ya nemo zaren, ya ɗaga hagu sama kamar ɗan makaranta.

Bishop ya zaro ido.

“Jiya a ɗaya hannun yake.”

“Me?”

“Zaren, Mai Martaba. Jiya a dama yake. Da idona na gani.”

“Severin, zare ba ya tafiya.”

“Amma wuƙa…”

“Kofi nawa ka sha jiya?” in ji Sarauniya. “Ni dai na daina ƙirgawa da aka kawo kifi.”

Wallahi sai da na danne bakina da mayafi. Bishop ya tsaya yana kallon hannun Sarki, yana kallon Sarauniya, yana kallon ƙafafunta marasa takalmi. Ya san an yi masa sakiyar da ba ruwa, ya kuma san ba yadda zai yi. Ya miƙa hannu zai ɗauki littafinsa.

Na sauke ajiyar zuciya. Har na fara tunanin me za a dafa da rana.

“Ni ba a tambaye ni ba.”

Regitze ce.

Ta miƙe tsaye. Ta zagayo teburi a hankali, ta ɗora hannunta a kan littafin kafin Bishop ya ɗaga shi.

“Zauna, 'yar nan,” na ce. “An gama.”

“Ba a gama ba, Gwaggo.”

“Uban coci, zazzaɓi take yi tun jiya. Ko da safen nan sambatu ta yi ta yi.”

“Lafiyata ƙalau.” Ta dubi Bishop ido cikin ido. “Dama ce.”

Fasto ya fara karanta addu'ar masu mutuwa ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko don ita ko don kansa.

“Gitte,” in ji Sarki, “ga zaren nan fa.”

“Ni na kwance shi, Mai Martaba. A ƙofar coci, lokacin da na ce bari in goge maka maiƙo. Na mayar da shi dama da hannuna. Ba kuskure ba ne, ba dinya ba ce.”

Na kama kujera. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma a ƙarƙashin tsoron akwai haushi, don ni na koya wa yarinyar nan ɗaurin zare.

“Kin haukace?” na ce. “Kin san me kike saya da bakinki? Takobi ne fa, Regitze. Gida aka ba ki, gona aka ba ki, keke mai doki huɗu. Me kika rasa?”

“Ni ban rasa komai ba, Gwaggo.”

“To don wa?”

Ta ɗauke hannu daga kan littafin, ta ɗora a cikinta.

“Kin sha kai ni fada ina yarinya. Kin tuna ɗan tsohon sarki na auren hagu, wanda yake tsayawa a bakin ƙofa da furfurarsa, sai kowa ya zauna sannan a nemo masa kujera? Kika ce mini kada in gaishe shi, ba kowa ba ne.” “Nawa ba zai tsaya a bakin ƙofar ubansa ba.”

Sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tuni. Rigar da ta sa aka faɗaɗa. Kifin da ta daina ci.

Sarki ya saki akwatin sarewa ya faɗi.

“Ciki? Nawa? Wato… Severin, wannan abin murna ne ko kuwa?”

Ba wanda ya kula shi.

Bishop ya ja littafinsa ya rungume. Abin da ya zo nema ya samu, amma fuskarsa ba ta nuna daɗi ba.

“Doka a fili take,” ya ce. “Ta faɗa da bakinta, hannunta a kan littafi. Sai dai ba a sare mai ciki sai ta sauka.”

Duk wannan abin Sarauniya ba ta motsa ba. Idonta na kan Regitze. Matar da ta shigo tana neman giya mai ɗumi ta tafi, wata ce daban a kan kujerata.

“'Ya'ya mata biyar na haifa wa ƙasar nan,” ta ce a hankali. “Ba namiji ko ɗaya. In kika haifi namiji daga hannun dama, ba alƙalin da zai taɓa wuyan uwar yarima. Sai su gano cewa aure ɗaya ne ingantacce, kuma ba nawa ba ne. Ni za a nemi tsibirin da za a ajiye, 'ya'yana su koma bakin ƙofa.”

“Ranki ya daɗe,” in ji Regitze, “ban yi don in cuce ki ba.”

“Na sani. Da ni ce, da haka zan yi.” Ta miƙe. “In kuma mace ce, kin ji abin da Bishop ya ce, kuma wannan karon ba zan yi sammako in zo ba.”

Ta tako har gaban Regitze. Kanta bai wuce kafaɗar yarinyar ba, amma Regitze ce ta sunkuyar da kai.

“Ki yi addu'a namiji ne, yarinya,” ta ce. “Ni ma zan je in yi tawa.”